Neman shawara kan haɗa gidaje da shaguna a fili ɗaya a ƙauyenmu

Ɗan Shika:
Assalamu alaikum. Mu shida ne muka gaji gona mai faɗin kadada biyu a bakin ƙauyenmu, kan hanyar Giwa, kuma mun yanke shawarar ba za mu yayyanka ta mu sayar ba. Muna son gina gidajen haya da shaguna da ƙaramar Islamiyya da wurin injin niƙa. Wani magini ya ce a yi bene, shaguna a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, amma yayanmu ya ƙi. Ta ina ya kamata mu fara?

Mai Tsara Gari, Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara da ruwa. Kafin a zana komai a takarda, ku je gonar ranar da aka tafka ruwa a watan Agusta ku ga inda yake bi da inda yake kwanciya, domin Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma mafi yawansa yana sauka ne cikin 'yan watanni kaɗan. Inda ya bi, nan za a yi lambatu da hanya, ba ɗaki ba. A haƙa rijiya ta gefen tudu, masai ta gangare, da tazarar aƙalla mita 30 tsakaninsu. Haka kuma, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 shaidar mai unguwa kaɗai ba ta wadatarwa, saboda haka ku nemi takardar mallaka a KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, ku kuma tuntuɓi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kan izinin gini.

Uwargida, Tudun Wada:
Malam, yayanku yana da gaskiya. Tunda maƙwabcinmu ya ɗora bene, ba na iya zama a tsakar gidana ina tsince shinkafa sai da mayafi, domin duk wanda ya leƙo ta tagar sama yana ganin har murhuna. A ƙauye abin zai fi ciwo, kuma magidanci ba zai kama hayar gidan da ake hango iyalinsa ba. Ku jera shagunan a bakin titi su juya wa gidajen baya, kowane gida kuma ya sami zaurensa ta lungu. Kada ku manta cewa yawancin sana'ar mata a cikin gida ake yin ta, ko ƙuli-ƙuli ne ko fura ko ɗinki, don haka tsakar gida tana buƙatar faɗi da inuwa da wurin shanya.

Tsohon Magini, Ƙofar Doka:
Hajiya ta gama magana kan bene. Abin da zan ƙara shi ne a kai injin niƙa can ƙarshen fili, nesa da Islamiyya, saboda ƙara da ƙura. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas yake fara zaizayewa, sai a ƙarfafa yaɓensa, a kuma ɗaure kwano da kyau ta wannan ɓangare. Kada ku tayar da ginin gaba ɗaya. Ku fara da shaguna huɗu da rijiya, kuɗin hayarsu ya riƙa taimaka wa ginin gidajen, amma tun yanzu a kafa turaku a bar hanyar da motar yashi za ta shiga har ƙurya.

Ɗan Shika:
Allah ya saka da alheri. Zan kai wa yaya wannan bayani ranar Juma'a, kuma mun jingine maganar bene.