Neman shawara: ln ta hana ni sakat

Ɗalibi, Fagge: Assalamu alaikum malamai. A lissafin ln, wato natural logarithm, na rubuta ln(2+3) = ln2 + ln3, aka soke. Sannan a tambayar ln x + ln(x−3) = ln10 na samu 5 da −2, aka rage mini maki. Don Allah ina kuskuren yake?

Malamin lissafi, Gwale: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ɗauko kalkuleta ka gani da idonka. ln5 = 1.609, amma ln2 + ln3 = 0.693 + 1.099 = 1.792, wato ln6. Kuskurenka shi ne ka ɗauki ln tamkar lamba ce da za ka raba wa abin da ke cikin baka, alhali tambaya ce: lambar da ake kira e, wadda ta kai kimanin 2.718, da wace pawa za a ɗaga ta a samu wannan lamba? Idan ana ninka lambobi masu tushe ɗaya, pawowinsu ake tarawa. Shi ya sa ln(ab) = ln a + ln b, kuma ln(a/b) = ln a − ln b. Tarawa a cikin baka kuwa ba ta da wata ƙa'ida, ka bar ta yadda take.

Malama, Tarauni: Ta biyun, aikinka daidai ne har x² − 3x − 10 = 0. Mayar da amsoshin cikin asalin tambayar ne ba ka yi ba. Duk pawar da ka ba e, abin da zai fito ya fi sifili, saboda haka ln(−2) ba ta da amsa a lambobin da kuke aiki da su, haka ma ln0. Amsa 5 ce kaɗai. Amma kada ka rikice: ln kanta tana iya sauka ƙasa da sifili, ln0.5 = −0.693.

Injiniya, Sharaɗa: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. ln8 ÷ ln2 = 3, amma ln(8÷2) = 1.386, ba ɗaya ba ne. Haka ln(x²) = 2ln x idan x ta fi sifili, amma (ln x)² daban take. Ka kuma lura da maɓalli: log a kalkuleta tushe 10 ne, log10 = 1, ln10 = 2.303.

Ɗalibi: Na gode malamai, Allah ya ƙara ilimi.