Yaya zan fahimtar da yarana haɗarin wutar lantarki?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ɗana mai shekara huɗu ya tsiri cusa ƙusa a cikin soket. Na yi faɗa, na liƙe ramin da salatif, ya ɓare. Wutar gida kuwa volt 230 ce, tana kisa.

Waje ma ya fi tayar mini da hankali. Damina ta kankama, iska na tsinko wayoyi, ga taransifoma a bakin layinmu babu shinge, nan yayyensa ke buga ƙwallo. Da an ɗauke wuta sai su ɗauka waya ba ta da haɗari, alhali ana iya dawo da ita kowane lokaci.

Iyaye da malamai, ta yaya kuka koya wa naku ba tare da duka ba?