Abin da na tsinta a hirarmu kan ciwon baya da gyaran gaɓoɓi da hannu

Mun daɗe muna tattauna wannan magani da ake kira ostiyofati, ga taƙaitawar shawarwarin da aka bayar.

Da farko an gyara wa wasunmu fahimta: ba ɗori ba ne. Mai ɗori karaya yake haɗawa, shi kuwa mai ostiyofati tausa yake yi, ya miƙar da tsoka, ya motsa gaɓar da ta sage. Wani likita ɗan Amurka, Andrew Taylor Still, ya assasa ostiyofati a 1874, ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville na jihar Missouri a 1892. A Amurka masu digirin wannan fanni cikakkun likitoci ne. A Birtaniya kuwa doka ta hana kowa amfani da sunan mai ostiyofati sai ya yi rajista.

Inda aka fi yarda yana taimakawa shi ne ciwon ƙugu da wuya da kafaɗa. Amma kusan kowa ya nanata cewa hannu kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da motsa jiki. Kwanciya kwana da kwanaki ƙara sandarar da baya take yi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gargaɗin da aka yi. Idan ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, asibiti za a nufa ranar, ba wurin tausa ba. Haka tsofaffin da ƙashinsu ya yi rauni, kada a yarda a murɗa musu wuya ko baya da ƙarfi. Ku faɗa wa mai duba ku duk wata cuta da magungunan da kuke sha kafin ya taɓa ku.