Bindiga ba ta karanta mujalla

Salamu alaikum jama'a. Jiya na ci karo da wata fassara da ta ce an samu "bindiga ɗaya da mujallu huɗu". Sai da na ajiye wayar na yi dariya tukuna. Abin da mai fassarar ke nufi shi ne ɗan akwatin nan da ake jera harsasai a ciki a maƙala wa bindiga, wanda Turawa ke kira magazin, suna kuma kiran mujallar karatu da wannan sunan. Ku zo mu nemo masa suna mu huta.

Kalmar ma ba tasu ba ce. Daga Larabci ta fito, makhzan, wato ma'aji, ta bi ta Italiyanci da Faransanci kafin ta isa Ingilishi. Mangaza da Hausawan Nijar ke cewa, ɗakin tara kaya, jikarta ce. Amma ka ce "mangazar bindiga", kowa zai ɗauka katafaren ɗakin makamai kake nufi. Ciwon "ma'ajiyar harsasai" ke nan ita ma.

An fi jin "kwanso" a labarai, ni kuwa ban yarda da shi ba. Kwanso shi ne abin da ya rage bayan na ciki ya fita, kamar na ƙwai ko na gyaɗa. Wannan ai ɗan ƙarfen da bindiga ke tofarwa ne bayan harbi. Idan muka ba magazin sunan, ranar da aka tsinci kwanso talatin a ƙasa wa zai gane ko harbi talatin aka yi, ko akwatuna talatin aka zubar? Jigida kuma tana da mai ita, wato harsasan da aka sarƙe a ɗamara don babbar bindiga mai ruwan wuta.

Wani ɗan'uwa ya kawo "kwari", na kibiya. Malam, wallahi ta burge ni, don aikinsu ɗaya. Sai dai a rubuce tana karo da kwarin da ruwa ke bi, idan kuma madannin waya ya cinye lanƙwasa ta haɗu da ƙwari masu cizo.

Ni dai "gidan harsashi" na zaɓa, jam'i gidajen harsashi. Muna da gidan wuƙa, muna da gidan tabarau, kunne ba zai yi tuntuɓe ba.

To bari mu ɗora masa kaya mu ga ko zai ɗauka. Ɗauki gidan harsashin bindigar M16 ta sojan Amurka, na alminiyam mai cin harsashi 30. Juya shi. A gindi akwai murfi, sau da yawa a nan kamfani ke buga sunansa. A jikinsa za ka iya ganin wata da shekarar ƙira, da wata alama mai gurbi biyar da ake kira CAGE, wadda ke nuna maƙerin: 13629 na Colt ne, 33710 na Okay Industries. Leƙa ta baki. Tsakanin leɓɓan biyu akwai ɗan abin da sifirin ke turowa sama, harsasai na kwance a kansa. Launinsa ma shaida ne: na da baƙi ne, aka koma kore, a 2009 aka kawo mai ruwan ƙasa, daga baya mai shuɗi. Kun ga baki da leɓe da gindi da murfi duk sun zauna daram, ba mu ari ko ɗaya ba.

Na AK ba su cika surutu da haruffa ba, tambari suke bugawa. Kibiya cikin alwatika ta masana'antar Izhevsk ce a Rasha, tauraro na Tula, 10 cikin da'ira ta Bulgeriya, 66 cikin alwatika ta Sin. Mai cin harsashi mai kaurin milimita 7.62 ya fi mai cin na 5.45 lanƙwasa, ido ma na iya raba su.

Inda gizo ke saƙar shi ne wata lambar da ake ba gidan harsashi, wadda Turawa ke kira stock number. Kalmar farko tana kuma nufin gindin bindiga, katakon da ake dannawa a kafaɗa, don haka kar ku yi mamaki idan gobe wani ya rubuta "lambar gindin bindiga". Ba shi ba ne. A nan kayan da ke sito ake nufi. Lambar ƙawancen NATO ce, NSN, mai alƙaluma 13. Ta tsohon samfurin gidan harsashin M16 mai cin 30 ita ce 1005-00-921-5004. Huɗun farko rukunin kaya ne, 1005 na bindigogin da bakinsu bai wuce milimita 30 ba, da kayansu. Biyun da ke biye na ƙasar da ta shigar da abin cikin kundi ne: 00 da 01 Amurka, 99 Birtaniya, 12 Jamus, 14 Faransa. Bakwan ƙarshe su ke ware wannan kaya daga sauran. Kafin 1974 ta Amurka alƙaluma 11 ce, ba gurbin ƙasa, shi ya sa tsohuwar takarda za ta nuna 1005-921-5004 kawai.

Wasu sun ce a kira ta "lambar rajista". A'a. Wannan zai sa a ɗauka kowane gida da tasa lambar, kamar yadda kowace bindiga ke da tata. NSN ba ta san ɗaya ba, iri ta sani. Kamfanoni daban-daban sun ƙera gidan nan shekara da shekaru, duk lamba ɗaya suke amsawa, kuma galibi a leda ko kwalin da aka naɗo shi ake ganinta, ba a jikin ƙarfen ba. Saboda haka na ce "lambar sito", don ma'ajin sito aka yi ta. CAGE kuma "lambar maƙeri".

Abin da ya gagare ni shi ne ɗan abin nan da sifirin ke turawa. Na gwada "maturi", bakina ya ƙi karɓa. "Matashi" ya ɗan fi, tunda a kansa harsashi ke kwanciya, amma matashin kai ba ya tura kowa sama. Tsofaffin sojojin da ke nan, don Allah me kuke ce masa a bariki?