Daga sanata zuwa ƙaramar minista, ci gaba ne ko koma baya?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Jiya a teburin mai shayi muka yi ta musu har sai da ya kashe risho ya kore mu. Maganar Gbemisola Saraki ce ta taso, ni dai na san ta yi Majalisar Wakilai a 1999, ta yi sanata sau biyu, ƙarshe Buhari ya ba ta ƙaramar ministar sufuri a 2019. Abokina ya dage wai rage mata girma aka yi, ni ko na ce minista ai minista ne. Don Allah manya ku raba mana gardama.

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam ɗana. Kai da abokin naka duk kun fara labarin daga wutsiya. Baiwar Allah nan tun 2011 siyasarta ta karkace, lokacin da mahaifinta Olusola Saraki, Wazirin Ilorin, ya so ta gaji yayanta Bukola a kujerar gwamnan Kwara, shi kuma Bukola ya ce atafau Abdulfatah Ahmed zai yi, sai uba ya ɗauki 'yarsa suka koma jam'iyyar ACPN, ɗa ya riƙe PDP, aka shiga zaɓe gida ɗaya ya rabu biyu kuma ɗan ya kayar da uban. Kujerar sanatan Kwara ta Tsakiya da ta zauna a kai daga 2003 zuwa 2011 ma Bukolan ne ya haye. Tsohon ya rasu a 2012. To wadda ta shekara takwas ba ta da kujerar zaɓe, ka ce ba ta minista rage girma ne? Ai ruwa ne ya zo wa mai ƙishi. Kuma ka lura da lokacin, 2019 ne guguwar O to ge, gangamin 'yan Kwara na cewa "ya isa haka", ta kwashe Bukola daga majalisa, ita tana APC.

Uwar Biyu:
Baba Akawu na yarda da tarihin amma ban yarda da hukuncin ba gaskiya. Ƙaramin minista fa sau da yawa jiniya ce kawai da ofis mai AC. Shekara kusan uku tana ƙarƙashin babban ministan sufuri Amaechi, wa ya taɓa jin an ce jirgin ƙasan Gbemi? Kullum Amaechi ne a talabijin. Abin da ya fi ba ni haushi, da ya ajiye aiki a 2022 don takarar shugaban ƙasa kowa ya zaci ita za a ɗaga, sai aka kawo Mu'azu Jaji Sambo, ita aka tura ta ma'aikatar ma'adinai da ƙarafa, nan ma ƙarama. Sanata ko ba komai shi ke tantance ministan, har ya ce masa rusuna ka wuce.

Bazazzage:
Hajiya ta taɓo wajen. Keyamo da bakinsa, yana ƙaramin ministan ƙwadago, ya faɗa a zaman bankwana na majalisar zartarwa a Mayun 2023 cewa muƙamin bai dace da kundin tsarin mulki ba. Tushen abin shi ne sashe na 147 ya ce dole kowace jiha ta samu minista, jihohi 36, ma'aikatu ba su kai ba, sai a cusa mutum biyu ɗaki ɗaya. Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ku duba man fetur, shugaban ƙasa ke riƙe da kujerar, ƙaramin shi ke juya komai, Kachikwu da Sylva wa zai kira su ƙanana? Matawalle ma da ya yi ɗan majalisa ya yi gwamnan Zamfara ai bai ƙi karɓar ƙaramin ministan tsaro ba a 2023.

Ɗan Fagge:
Tab, wato ni da shi kowa ya ci rabi kenan. Matsalar dai mun yi alkawarin wanda ya faɗi shi zai biya kuɗin indomi da ƙwai na daren yau, kuma na san halinsa, amsar Hajiya kaɗai zai karanta.

Uwar Biyu:
Ƙanena ka tafi da kuɗinka kawai.