'Yata na ba da canji daidai a kasuwa, amma ta faɗi gwajin lissafi

Maman Ummi, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni barci. Bara muka taso daga Funtuwa zuwa Legas, muka sa 'yata mai shekara 9 a aji 4 a wata firamaren gwamnati kusa da mu. Makon jiya aka yi musu gwajin karatu da lissafi, takarda iri ɗaya ga kowa, ta zo kusan ta ƙarshe. Malamarsu ta ce gara ta maimaita aji. Abin da ya ɗaure min kai, yarinyar nan ce ke tsare min teburin kayan miya in na tashi sallah. Jiya a gabana wata ta sayi tattasai na 700 da albasa ta 450, ta miƙo 2,000, kafin in buɗe baki Ummi ta ƙirga mata 850. Izu biyar gare ta a Islamiyya. Babanta ya ce a mayar da ita gida wajen kakarta, ni kuwa zuciyata ta ƙi.

Malam Na Mile 12: Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata 11 ina koyarwa a firamare. Kada ki tsaya kan maki, ki je ki roƙi takardar da ta amsa. Tambayar lissafi iri biyu ce, akwai ta lamba zalla, akwai wadda ake zubowa cikin labari da Turanci, wane ya sayi lemo kaza ya ba ƙanensa kaza, nawa ya rage. Ki samu wanda zai karanta mata na labarin da Hausa. In ta amsa, to lissafinta lafiya lau, Turancin ne ya tare mata hanya. Sannan ki ba ta littafin ajinsu ta karanta da ƙarfi na minti ɗaya, ki ƙirga kalmomin da ta faɗa daidai, ki lura ko haɗa baƙi ne ke ba ta wuya ko kuwa tana karantawa ba ta san ma'ana ba. Kowanne maganinsa daban. Tun 2019 da gwamnatin Legas ta kawo tsarin koyarwa na EKOEXCEL a firamarenta, malami na bin darasin da ke cikin na'urar hannunsa bisa lokaci, don haka yaron da ya shigo a tsakiya yana bukatar wanda zai zauna da shi a gefe.

Hajiya Babba, Idi-Araba: 'Yar nan, kar ki bari a raba ki da ɗiyarki a kan takarda ɗaya. Ki duba nauyin da ke kanta mana: Hausa a gida, Larabci a Islamiyya, broka a layi, Turanci a aji, ga Yarbanci da doka ta wajabta a makarantun jihar tun 2018. Jikana haka ya yi zango biyu kamar kurma, a na uku bakinsa ya buɗe.

Baban Sadik, Alaba Rago: Ku yi haƙuri, ni ban yarda a raina gwajin ba. Shekara biyu suka rage mata ta kai aji 6, kuma a can ba mai fassara mata komai. Jarrabawar shiga ƙaramar sakandare ta jiha da Turanci ce, ta NECO ta shiga makarantun tarayya irin su Queen's College da ke Yaba ita ma haka. Nawa yaron ya maimaita aji 3, ya yi kuka, mu ma ba mu ji daɗi ba, amma yanzu shi ke karanta min saƙon banki. Maimaitawa ba abin kunya ba ne.

Malam Na Mile 12: Alhaji, ba na musun naka ya amfana. Tsorona ta sake shekara guda a benci ɗaya tana jin abin da ba ta ganewa, ba wanda ya taɓa ainihin ciwon. Hajiya, tana karanta Hausar boko? In tana yi, an ci rabin aikin. Da haka aka yi a Sakkwato da Bauchi da littattafan Mu Karanta, yaro ya fara haɗa baƙi da harshen da yake ji, sannan a ɗora masa Turanci.

Maman Ummi, Agege: Allah ya saka muku da alheri. Malam, na karɓo takardar yau, malamar ma ta yi min kirki. Ƙanena ya karanta mata tambayoyin labarin guda 8 da Hausa, ta ci 7, tana yi tana ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin hijabi. Da muka zo karatun minti ɗaya, kalma 17 ta iya, ta tsaya a ta 18 idonta ya ciko. Hausa kuwa tana karantawa a hankali. Babanta ya yarda a dakata da maganar tafiya har ƙarshen zango. Yanzu mai lesin nake nema wadda ke jin Hausa, mace in da hali, tsakanin Agege da Dopemu, bayan la'asar ranar Alhamis da Juma'a da ba su da Islamiyya. Wadda ta san wata ta yi min magana ta akwati don Allah.