Kyarkeci da farautar barewa a yammacin Amurka: abin da aka tattauna

Muhawarar da aka yi kan yadda kawo kyarkeci ya shafi barewa da farautarta ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Babu wanda ya musanta tarihin. A 1995 da 1996 aka kawo kyarketai daga Kanada aka sake su a gandun dajin Yellowstone da tsakiyar jihar Idaho. Garken babbar barewar nan da ake kira elk na arewacin gandun ya ragu daga wajen 19,000 zuwa ƙasa da 4,000 a 2013.

2. Wajen dalili aka rabu. Wasu sun ɗora wa kyarkeci laifin duka. Wasu suka ce a lissafa da fari, da tsananin sanyin 1996 zuwa 1997, da beyar da ke cinye 'ya'yan barewa, da harbin matan barewa da maharba suka yi shekara da shekaru. Ni dai hujjar waɗannan ta fi kwanta mini, ko da yake masu farauta a yankin Lolo na Idaho ba za su yarda ba.

3. Akasari sun ce halin barewar ya sauya: ta bar fili ta shige duhuwa, garke ya rarrabu. Shawara: a bar tsohon wurin kwanto, a riƙa zaga daji tun kafin lokacin farauta.

4. In ka harbo, kwashe naman da wuri. Karnuka kada su yi nisa da mai su.

5. Batun farautar kyarkecin kansa, wadda Idaho da Montana suka ci gaba da ita tun 2011, ba a daidaita ba.